Takardun Kaka da 'yar hular Faransanci

Asabar, 4 ga Oktoba 2025

Ambulan ɗin ya iso jiya bayan la'asar, a hannun wani direba mai jigilar 'yan kasuwa tsakanin Maraɗi da Kano. Kawu ya naɗe shi cikin leda biyu ya ɗaure da kyauro, kamar wanda ya aiko da daddawa. Takardu 23 ne a ciki, duk na Kaka mahaifin su Inna, wanda ya yi aikin akawu a ofishin kumandan a shekarun 1950, kafin Nijar ta sami 'yancin kai a 1960. Ba ainihin takardun ba ne, hoto aka ɗauka a inji. Na ainihin suna cikin akwatin ƙarfen Kawu, ya kuma ce ba za su ƙetare iyaka ba sai bayan ransa.

Inna ce ta nemi a mayar mata da su Hausa. Ba a sa ta lakwal ba, wato makarantar boko, 'yan'uwanta maza aka sa, saboda haka ta tsufa ba ta san abin da ubanta ya rubuta ba. Ni kuwa na bugi ƙirji. Shekara tara ina koyar da Faransanci a ƙaramar sakandare, na yi zaman cibiyar koyon Faransanci ta Badagry, me zai gagare ni?

Layi na huɗu na takardar farko ya ba ni amsa: *Je craignais que ma lettre ne vous parvînt pas avant l'hivernage.* Na gane nufinsa, yana tsoron kada wasiƙarsa ta kasa isa kafin damina. Amma *parvînt* ɗin nan, da 'yar hula a kan *i* da *nt* a ƙarshe, na tsaya ina kallonta kamar baƙuwar da na san fuskarta na manta sunanta. *Imparfait du subjonctif* ne, wato umartau na shuɗaɗɗen lokaci. An nuna mana shi a jami'a cikin jadawali, muka haddace don jarrabawa, muka zubar a bakin ƙofa. Na ƙirga, ya fito sau 31 a takardun nan.

Na ba kaina mako takwas. Rabin sa'a kullum bayan asuba kafin yara su tashi, ran Lahadi kuma darasi da Kawu ta WhatsApp, tunda shi tsohon mushe ne, wato malamin makaranta, ya kori alli fiye da shekara talatin.

Kuɗin da ya fita: tukuicin direba N2,000, littafin rubutu N700, jan biro N200.

Litinin, 6 ga Oktoba

Ƙa'idar gina shi gajeriya ce. A ɗauko aikatau a *passé simple*, wato lokacin da littattafansu ke ba da labari da shi, a wajen *tu*. A cire *s* na ƙarshe. A liƙa waɗannan: *-sse, -sses, -t* tare da hula a kan wasalin da ke gabansa, *-ssions, -ssiez, -ssent*. Shi ke nan. *Tu parlas* ya ba da *que je parlasse, que tu parlasses, qu'il parlât, que nous parlassions, que vous parlassiez, qu'ils parlassent*. Babu aikatau ɗin da ya karya wannan ƙa'ida, har *être* da *avoir* da suka saba taurin kai: *tu fus* ya zama *fusse, fût*, *tu eus* ya zama *eusse, eût*.

Na yi murna har na rufe littafi da wuri.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Murnar ta koma ciki. Ashe ba rufin ne matsalata ba, harsashin ne. Sai ka san *passé simple* za ka ɗora wani abu a kansa, ni kuwa nawa duk gara ta cinye. Na gwada kaina da aikatau ashirin ba tare da duba littafi ba, na ci tara. Na rubuta *naissît* a madadin *naquît*, *vivît* a madadin *vécût*, na ba *mourir* *mourît* alhali *mourût* ne. Na ma rikita *vît* na gani da *vécût* na rayuwa.

Dole in koma baya. Na raba shafi gida huɗu bisa wasalin da kowane aikatau ke ɗauka. Gidan *a* na masu ƙarewa da *-er* ne duka, har da *aller* (*allât*). Gidan *i* ya tara su *finir, prendre, mettre, dire, faire, voir, écrire*. Gidan *u* su *savoir, pouvoir, vouloir, devoir, lire, connaître, recevoir*. Gida na huɗu ɗan ƙarami ne, *venir* da *tenir* da zuri'arsu kawai: *que je vinsse, qu'il vînt, que nous vinssions*. Baƙaƙe uku a jere, *n-s-s*, har biro na tuntuɓe. Nan ne gidan su *parvînt* da ta tare ni ran Asabar.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Darasin farko da Kawu. Bayan mun gaisa ya tambayi Inna da yara, sai ya ce, "To ɗiyata, kawo *savoir* in ji."

Na fara: *que je susse, que tu susses, qu'il sût, que nous sussions*. Ban kai ƙarshe ba dariya ta ƙwace mini, don a kunnena sai ka ce ana maganar susa. Kawu ya ce ba ni kaɗai ba, su kansu Faransawa dariya yake ba su, domin *susse* sautinta ɗaya da *suce* ta tsotsa. Ya ce suna da wata jimla da suke tsokanar masu ƙaƙale da ita, *encore eût-il fallu que je le susse*, wato ai da sai in na sani tukuna.

Ya ba ni labarin zamaninsu a lakwal. Kullum da safe dikte, wato shifta, kuskure biyar sifiri, kuma wanda aka kama yana Hausa a harabar makaranta a rataya masa abin da suke kira *symbole*, ya yi ta yawo da shi har ya kama wani. Ya ce a haka aka dasa musu waɗannan kalmomi, ta yadda ko cikin barci aka tashe shi zai kawo *que nous eussions*. Na tambaye shi ko ya taɓa faɗar ta a hira. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wa za ni gaya ma? Mai tireda?"

Layi ya yanke sau uku. Data N3,500.

Talata, 14 ga Oktoba

Gidan *a* da gidan *i*. A kula da *mangeât* da *commençât*, *e* da 'yar wutsiyar *c* ba sa faɗuwa. *Finir* ya zo da sauƙi: duk siffofinsa iri ɗaya ne da na *subjonctif présent*, in ban da *qu'il finît* da ya rabu da *qu'il finisse*.

Asabar, 18 ga Oktoba

Yau na bar juyi na koma kan amfani, kuma yau ne kaina ya ɗan waye.

Tsohuwar ƙa'idar tana cewa aikatau ɗin da ke bayan *que* ya bi sahun na gaba. In na gaba yana yanzu, *je veux qu'il vienne*. In ya shuɗe, *je voulais qu'il vînt*. In kuma abin ya riga ya auku kafin nan, sai a haɗa da *avoir* ko *être*: *je craignais qu'il fût parti*. Haka bayan *conditionnel*, siffar da ke ba da ma'anar "da an yi kaza": *il faudrait qu'il vînt*.

Sai na fassara su don in gani. Ina so ya zo. Na so ya zo. Da na so ya zo. A Hausa "ya zo" ɗin bai motsa ba ko kaɗan, na gaba ne ke ɗauke da lokaci, umartau ya bi shi a yadda yake. To Bafaranshen yau haka yake yi: *je voulais qu'il vienne*. Abin da na saba ji ke nan a rediyo da bakin 'yan Kwatano da 'yan Yamai, abin da nake koya wa ɗalibaina ke nan. Faransancin baka ya dawo kan hanyar da Hausa take bi tun fil azal.

Na kuma gano ba jiya aka saki layin ba. Tun 26 ga Fabrairu 1901 ministan ilimin Faransa na lokacin, Georges Leygues, ya fitar da doka cewa kada a ci ɗalibi in ya sa *présent* bayan *conditionnel*. A 28 ga Disamba 1976 wani ministan, René Haby, ya faɗaɗa rangwamen har ya haɗa da bayan shuɗaɗɗen lokaci. Wato lokacin da Kaka ke zaune a Maraɗi yana gumi a kan *voulût*, a can Faris an yi shekara hamsin da fara sassauta wa yara. Abin ya ɗan sosa mini rai, ban san dalili ba.

Mutanen Sifen da Italiya kuwa har gobe suna faɗar nasu a kasuwa. Asalinsu ɗaya ne daga Latin, *amassem* ta haifi *amase* da *amassi* da *aimasse*. A Faransa ne kawai ya koma kayan ajiya.

Laraba, 22 ga Oktoba

Ba wuta kwana uku, waya a wajen mai caji. Na yi gidan *u* da fitila. Caji N600.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Na fassara takardu shida, na karanta wa Kawu guda ɗaya, na sha kunya.

Wasiƙa ce Kaka ya rubuta wa wani abokin karatunsa a Damagaram. A sama yana maganar gero da jinkirin damina, a ƙasa kuma ga wannan: *Plût à Dieu qu'elle vécût encore.* Na duba jadawali na ga *plût* a ƙarƙashin *pleuvoir*, saukar ruwan sama. Tunda ga maganar damina, sai na rubuta, "Allah ya kawo ruwa domin ta rayu," ina zaton shuka yake nufi. Har na yaba wa kaina.

Kawu ya ce in sake karantawa. Na sake. Ya ce, "Ɗiyata, ba ruwa ba ne. *Plaire* ne."

Aikatau biyu ne suka haɗu a siffa guda. *Pleuvoir* na ba da *qu'il plût*, *plaire* ma na ba da *qu'il plût*. *Plût à Dieu* daskararriyar magana ce, ma'anarta ina ma Allah ya so. Wadda ake nufi da *elle* kuma ba shuka ba ce, mahaifiyar Kaka ce, wadda ta rasu a wannan shekarar kafin a haifi Inna, ita ce aka mayar wa Inna sunanta. Abin da ya rubuta shi ne, ina ma Allah ya sa tana raye har yanzu.

Na ja layi da jan biro a kan fassarata. Ban yage shafin ba.

Daga nan Kawu ya jero mini sauran daskararrun in haddace su a dunƙule kamar karin magana, kada in tsaya feɗe su. *Fût-ce*, ko da kuwa. *Ne fût-ce que*, ko da na ɗan kaza ne. *Fût-il*, ko da shi wane ne. *Dussé-je*, ko da zai kai ni ga. Ya ce waɗannan ne suka fi sauran tsawon rai, har yau ana tsintar su a jarida da bakin lauyoyi. Na kuwa sami ɗaya a takarda ta tara, inda Kaka ke neman izinin zuwa gida: *ne fût-ce que trois jours*, ko da kwana uku ne.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Littafin juya aikatau da na roƙi Kawu ya iso, jan nan da kowane ɗalibin Faransanci ya sani. Kwance ne, bangonsa ya sha salatif, sefa jaka uku ya saya a bakin kasuwa ya ce kada in kuskura in biya shi. Direba N1,500.

Abu biyu na tsinta a ciki. *Haïr* ba ya ɗaukar hula, ɗigo biyunsa sun tare wurin: *qu'il haït*. Sannan akwai aikatau da ba su da wannan lokaci sam, irin su *traire* na tatsar nono, *extraire, distraire, paître* na kiwo, saboda ba su da *passé simple* da za a ɗora a kai. Makiyayi dai ya huta.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Wannan shi ne babban tuntuɓen, zan rubuta shi dalla-dalla don kada in sake.

Takarda ta goma sha huɗu ba Kaka ya rubuta ta ba. Wani shugabansa Bature ne ya buga ta a tafireta a kansa, shi kuma ya sami kwafin da aka yi da takardar kabon ya adana. Shafi biyu ce. Gara ta ci gefen ƙasa na shafin farko, shafi na biyu kuma ya fara da *fut nommé commis principal*. Haka na gani a hoton da ke hannuna. *Il fut nommé*, an naɗa shi. Ran Talata da dare na shiga ɗakin Inna na ce mata albishirinki, ashe an taɓa ƙara wa Kaka girma ya zama babban akawu. Ta ce goro. Ta yi ta juya maganar, ta ce shi ya sa wata shekara ya ɗinka musu atamfa iri ɗaya su duka. Kafin gari ya waye ta kira ƙanwarta a Tasawa ta shaida mata.

Jiya da hantsi ina tsakiyar aji Kawu ya yi ta kira. Da na fito na kira shi, ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Wa ya ce maki an naɗa Baba?"

Na ce takarda ce ta faɗa, Kawu.

Ya ce in jira. Na ji ƙarar akwatin ƙarfe. Ya ɗauki hoton ainihin takardar a bakin taga ya turo. Na buɗa hoton da yatsu biyu har harafin ya cika fuskar waya, sai ga ta: 'yar hula a kan *u*, shuɗiya, dusu-dusu kamar sawun kiyashi. A tafiretar Faransa daban ake buga hular kafin a buga wasalin, kuma a kwafin kabon sau da yawa ba ta fita sosai. Injin hoto ya shafe ta gaba ɗaya. A gefen da gara ta ci kuma, a takardar ainihi ana iya ganin saman haruffan: *j'avais proposé qu'il*. Jimlar ita ce *j'avais proposé qu'il fût nommé commis principal*. Na ba da shawarar a naɗa shi. Layukan da ke biye, waɗanda na fassara a gurguje saboda zumuɗi, bayani ne na dalilin da ya sa ba a yi ba. Kawu ya ce har Kaka ya bar aiki yana ƙaramin akawu.

An naɗa shi. A naɗa shi. Mu ma harafi ɗaya ne ya raba mana su.

Ni na koma na gaya wa Inna da bakina. Ta yi shiru tana jan carbi, can ta ce, "To atamfar fa?" Na ce wannan ban sani ba, Inna. Ta ce Allah ya jiƙansa, ya cancanta dai ko ba su ba shi ba. Ban iya cin tuwon dare ba.

Laifina biyu ne. Na yarda da hoton inji a kan abin da ɗigo ke iya juya shi, kuma na kai labari kafin in gama takarda. Daga yau Kawu zai riƙa ɗauko mini kowace takarda da waya a cikin haske, ba kuma abin da zai isa kunnen Inna sai ya bi ta kunnensa.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Kawu ya huce. Ya koya mini gwajin da suke yi a lakwal in an rasa ko da hula ko babu: a mayar da jimlar jam'i. In ta ba da *ils furent*, babu hula. In ta ba da *qu'ils fussent*, akwai. Ko a musanya da *soit*, in ta zauna daram to *fût* ne. Da na yi haka ran Talata da ban tayar da hankalin tsofaffi biyu ba, ko da yake sai da farkon jimlar a hannu gwajin ke aiki.

Muna cikin haka wani abu ya faɗo mini. *Fut* da *fût* a baki ɗaya suke, a takarda ne suka bambanta. Mu kuma namu a juye yake. "Ya zo" na labari, mai dogon wasali da sauti sama, da "ya zo" na umartau, mai gajeren wasali da sauti ƙasa, a baki ko yaro ba ya rikita su, amma a boko rubutunsu ɗaya. Su sun ajiye bambancin a ido, mu mun ajiye shi a kunne. Na faɗa wa Kawu ina jin na gano wani abu. Ya ce, "Ku Kanawa ke da wagga wahala. Mu nan cewa mukai ina so shi zo." Gaskiyarsa, a Hausarsu "shi zo" da "ya zo" ko a takarda ba sa haɗuwa.

Ita hular ma ashe kabarin harafi ce. Da can *fust* da *parlast* ake rubutawa, *s* ɗin ya daina fita a baki, aka cire shi aka ɗora alama a gurbinsa, kamar yadda *forest* ta koma *forêt*. Ƙamus ɗin Académie française na 1740 ne ya tabbatar da wannan sauyi. Da aka zo gyaran rubutu na 1990 aka yarda a sauke hula daga kan *i* da *u* a kalmomi da yawa, amma aka bar ta a wannan lokaci. Bayan abin da ya same ni ran Talata, ba ni da ja.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Hazo ya sauko, mura ta kama ƙaramin. Kwana huɗu ban buɗe littafi ba.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Na koma. Takardu 17 sun kammala. Na lura da wani abu da ban nema ba: a wasiƙun da Kaka ya rubuta wa abokai, wannan lokaci bai fi sau biyar ba, sauran duk suna cikin takardun da ya aika sama. *Il faudrait que Monsieur le Commandant voulût bien examiner ma demande.* *Je souhaitais que mon fils fût admis à l'école régionale.* Duk inda zai roƙi wani abu a wajen mai iko, nan yake fito da shi, kamar yadda ake fito da babbar riga ran zuwa fada. Ɗan da ake nema wa makaranta a jimla ta biyun kuwa Kawu ne da kansa.

Wannan ya jawo mini matsalar fassara da ban warware ba. In na rubuta "ina so a ɗauki ɗana," ma'ana ta fita amma rigar ta faɗi. Na gwada "ina roƙon alfarma, in an ga dama, a dubi ɗana," ya fi kusa, sai dai ina tsoron kada in sa wa Kaka durƙuson da bai yi ba. Mutumin da ya rubuta *voulût* daidai, da hularsa, yana roƙo ne amma yana kuma nuna wa Baturen cewa harshen nan ya iya shi, wataƙila fiye da shi. Yadda za a ce wannan da Hausa a jimla guda, ban samu ba tukuna.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Dikte. Kawu ya karanto jimla goma sha biyar da ya ƙirƙira, na rubuta na tura masa hoto. Kuskure huɗu, uku daga ciki iri ɗaya: na ɗora hula bayan *après que*. *Avant qu'il eût fini* da hula, domin abin bai auku ba tukuna. *Après qu'il eut fini* babu, domin ya riga ya auku, labari ne ba fata ba. Na san wannan a ka, hannuna ne ya saba, tun abin da ya faru nake yayyafa hula ko'ina kamar barkono. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Na huɗun *vinssent* ne, na ci *s* ɗaya.

Ya ce a zamaninsu saura kuskure ɗaya in sha sifiri. Na ce Allah ya sa ba a zamaninku na zo ba, Kawu. Data N3,500.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Mako takwas sun cika. Na sake gwajin aikatau ashirin na 9 ga Oktoba, na ci goma sha takwas. *Acquît* da *résolût* ne suka kuɓuce.

Na sauya buri. Da na fara, so nake in iya juya kowane aikatau a dukkan siffofi shida. Yanzu na duba sau 31 ɗin nan na takardun Kaka: 26 na mutum na uku ne tilo, masu hula, uku *fussent* da *eussent*, biyu kacal na *je*. *Nous* da *vous* ko sau ɗaya. Su *parlassions* da *sussiez* na daina ɓata asubata a kansu, in na gan su zan gane su, ya isa. Abin da zan riƙe da kyau shi ne *fût, eût, pût, dût, fît, vînt, voulût, sût*, da gwajin jam'i.

Wata ɗaliba 'yar aji uku ta ga littafina a kan tebur ta ce, "Malama, wannan ma za a yi mana a jarrabawa?" Na ce a'a. Ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi har 'yan ajin suka yi dariya.

Jimillar kuɗi zuwa yau N12,000, ban da jaka ukun Kawu.

Lahadi, 7 ga Disamba

Takardu 21 sun bi ta kunnen Kawu. Biyu suka rage, rubutun hannu ne da tawada ta bazu, ya ce ko shi sai da tabarau da rana tsaka, don haka sai na je da kaina. Muna gama jarrabawar zango zan shiga mota, in Allah ya yarda, in kwana uku a Maraɗi. Zan tafi da littafin nan da fassarar in karanta masa daga farko, mu kuma zauna a kan maganar "ina roƙon alfarma."

Jiya na karanta wa Inna wasiƙar Damagaram, wadda aka gyara. Da na zo wajen ina ma Allah ya sa tana raye, ta ce in tsaya. Ta ce in faɗa mata yadda ya rubuta da Faransancin. Na faɗa. Ta gwada maimaitawa, *plût* ɗin ya ƙi fita, ya zama "fulu." Ta ce in rubuta mata shi a 'yar takarda da manyan haruffa ta sa a cikin jakar carbinta. Na rubuta, na duba hulunan biyu sau biyu kafin in miƙa mata.

Abin da za a tanada kafin tafiya: kuɗin mota, canjin sefa, turare da goro na Kawu, da farar leda mai zif guda 23, don gara ba ta gama da akwatin nan ba.